Daga Agege, Kafin Mu Ɗaure Kaya

Assalamu alaikum, mutumina.

Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Shirun ya yi yawa, tun sunan ɗan autanka ban sake jin ɗuriyarka ba. Na san Bakano ba ya ƙona katin waya sai ya hango riba, shi ya sa na ce bari ni Bazazzagi in yi maka hankali.

Labarin shi ne za mu bar Agege. Mai gida ya sake ƙara kuɗin haya, na gaji, na kama fuloti a Ibafo. Da na faɗa a majalisarmu ta bakin masallaci, Dogo ya ce to shi ke nan, ka fita daga Legas, ka zama ɗan Ogun. Na ce wace Ogun, mutumin da kullum zai yi sammako ya tsallako Berger, bakin iyakar Legas da Ogun? Nan fa musu ya kaure har aka kira la'asar.

Haushin da na ji shi ne gaskiya ya faɗa. Mowe, Ibafo, Magboro, Akute, Sango-Ota, har Kara inda kake zuwa taya shanu ba ka saya, duk ƙasar Ogun ce. Legas ta tumbatsa ta wuce iyakar da aka shata mata a 1967. Jama'a na kwana can suna wuni nan, doka kuma ta ce harajin albashi na jihar da kake zaune ne. Jirgin ƙasan nan na Red Line ma da Legas ta gina, a Agbado yake tsayawa, cikin Ogun.

Sai Ticha ya jefo tasa: da za a matsar da layin iyaka a haɗo ƙananan hukumomin Ifo da Ado-Odo/Ota na Ogun cikin Legas, me zai faru da zaɓe? Tun ranar abin yake cina. Duba zaɓen 2023. Peter Obi ya kayar da Tinubu a Legas da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba. A zaɓen gwamnan Ogun kuma Dapo Abiodun ya sha da ƙyar a hannun Ladi Adebutu, tazarar ba ta kai 14,000 ba. To ka cire ƙananan hukumomi biyu masu ɗimbin jama'a daga can ka zuba nan, ai ka birkita lissafin jihohi biyu lokaci guda. Mazaunan wurin kuwa Yarabawa ne da Inyamurai da mu, mafi yawa tsadar haya ce ta koro su, babu ɗan siyasar da zai rantse cewa a aljihunsa suke. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa a bar layin inda yake. Ga kuma masana'antun Ota da Agbara, wane gwamna zai miƙa tukunyar miyarsa?

Af, Dogon da ke min wa'azi zai ƙara aure bayan sallah. Har yanzu uwargida ba ta sani ba, sai dai duk Oko-Oba sun sani. Kada ka ce ni na faɗa maka.

Ku Kanawa ba ku da bakin magana a nan. An yanke muku Jigawa a 1991, ga ku yanzu da ƙananan hukumomi 44, su 27, Legas na nan da 20. Guda 37 da Tinubu ya ƙirƙiro a 2003 yana gwamnan Legas, waɗanda Obasanjo ya riƙe wa jihar kuɗi saboda su, har yau ba su shiga kundin tsarin mulki ba. A Majalisar Wakilai kuna da 24, Jigawa 11, Legas 24. Sanatoci, ku da Jigawa shida, Legas uku. Ka ga tsagawa ta fi faɗaɗawa riba, shi ya sa masu neman a yanko jihar Lagoon daga Legas ba su haƙura ba. Amma sashe na 8 na kundin tsarin mulki yana neman kashi biyu bisa uku na wakilan yankin, da ƙuri'ar raba-gardama, da amincewar sauran jihohi. Tun Abacha a 1996 ba a sake samun sabuwar jiha ba.

Abin da ya fi damuna namu ne. Tun da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a 2022, yaranmu da yawa sun tsallaka Ogun, katin zaɓensu kuma yana nan Agege da Mile 12. Ranar zaɓe an hana zirga-zirga, ba su jefa a nan ba, ba su jefa a can ba. In na mayar da nawa Ibafo, kansilan da ya san fuskata shekara da shekaru ya rasa ƙuri'a, na can kuma bai san da zamana ba.

Akwai abin da na so tambayarka kan kuɗin bulo, ya shige min. In direban tumatir ɗin nan zai taso, ka ba shi daddawa da kuka, maiɗakina ta dame ni. Ka gaida Hajiya, ka ce ina neman addu'a.

Naka,
Bazazzagin Agege