Mai saye ya yi ɓatan dabo? Kar ka yi saurin maida gidan kasuwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan bani fili in yi magana akan abun da ya samu yayana, don nasan ba shi kaɗai bane. Ya sa gidansa a kasuwa aka samu mai saye aka daidaita, mutumin ya bada kafin alƙalami, aka sa hannu a yarjejeniya harda ranar da zai cika kuɗi. Ranar tazo ta wuce shiru. In an kira shi yace banki ne suka riƙe shi, yau gobe yau gobe, daga baya ma wayar ta daina shiga. Yaya ya gaji da jiran gawon shanu ya kira dillali yace a nemo wani kawai ai wancan ya fasa. Sati uku wani ya taya har an fara maganar takardu, kwatsam sai ga na farkon da lauyansa wai cinikinsa na nan daram tunda ba wanda ya taɓa rubuto masa cewa an warware.

Abun haushin kuma, ta wani ɓangaren yana da gaskiya. Shirun mai saye baya kashe yarjejeniya, kai da ka sa hannu kana nan a ɗaure har sai an kwance ka ta hanyar da takardar ta faɗa. A wurare da dama wucewar rana kaɗai bata isa hujja ba sai in an rubuta ƙarara cewa wa'adin sharaɗi ne, in ba haka ba sai ka tura masa notis a rubuce ka bashi sabon wa'adi. A Ingila misali, inda aka saba ajiye kashi 10 cikin 100 na kuɗin gidan, notis ɗin yana bashi kwanakin aiki 10, in ya kasa sannan mai gida ya soke ciniki ya riƙe abun da aka ajiye. Yaya bai yi ko ɗaya ba, waya kawai yake ta bugawa yana faɗa, kuma faɗan waya ba notis a rubuce bane.

Sannan a duba da kyau ko mutumin ma ya saɓa. In akwai sharaɗin cewa sai banki ya bashi bashi, banki kuma ya hana shi ya sanar cikin lokaci, toh bai yi laifi ba, kuɗinsa zaka maida masa.

Maganar kafin alƙalamin nan ce ke haɗa faɗa wallahi. Mai gida gani yake ya zama nasa tunda an ɓata masa lokaci, mai saye yace akan me za'a ci kuɗinsa gida bai shiga hannunsa ba, in kuma kuɗin na hannun lauya ko wani amintacce shima bazai saki ba sai dukkanku kun sa hannu ko kotu ta yanke. A Kalifoniya ta Amurka in gidan zama ne, abun da ya haura kashi 3 cikin 100 na kuɗin gidan sai mai gida ya kawo hujjar cewa ya cancanta kafin ya riƙe. Malamai ma sun saɓa, Imam Malik bai yarda a riƙe ba, Imam Ahmad ya halatta, majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi kuma a zamanta na 1993 a Burunai ta halatta in an yanke wa'adin jira. Ni dai a ganina in ka samu mai sayen ya sa hannu a takardar cewa kowa ya saki kowa, ko da zaka maida masa wani abu daga ciki, ka ci riba, don gidan da ake shari'a akansa ba mai hankalin da zai zuba kuɗinsa, kuma shari'ar fili da gida kowa yasan bata ƙarewa da wuri.

In ma dole sai ka fara neman wani, ka faɗa masa gaskiya a kuma rubuta cewa cinikinsa bazai tabbata ba sai an warware ciniki na farko. Ka ajiye duk rasit da saƙonni, don in ka sayar ƙasa da farashin farko zaka iya neman cikon a wajen wanda ya saɓa, sai dai in takardar tace kafin alƙalamin ne iyakar diyyarka. Ka kuma sake duba maganarku da dillali kar ya zo yana neman la'ada biyu akan gida ɗaya.

Shi dai yaya, mai saye na biyun ya janye tunda ya ji an ambaci lauya, na farkon kuma har yau bai kawo kuɗi ba bai kuma sa hannu ba. Sai makon jiya aka tura notis ɗin da ya kamata a tura tun ranar farko, yanzu muna ƙirga kwanaki.

Naku,
Mai karanta ku kullum