Wasiƙa zuwa ga ɗana mai horar da masu motsa jiki

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya jama'a? Mu nan sai godiya.

Akwai maganar da ban so yi a gaban ƙannenka ba. Ranar bikin ƙanwarka an zuba maka tuwon shinkafa da miyar taushe, ka ture, ka ciro dafaffen ƙwai daga jaka. Bayan la'asar kuma ka sulale neman inda za ka ɗaga ƙarfe, alhali kafaɗarka na ɗaure da bandeji. Mahaifiyarka ta ce ai sana'a ce. Ni dai ban ga sana'a kaɗai a nan ba.

Na sani a aikinku jiki shi ne allon shago. Mai son rage tumbi ƙirjinka yake fara kallo kafin ya tambayi takardar shaidarka. Ga madubi ta ko'ina, ga Instagram, inda kowa sai ya tsuke ciki ya shafa mai kafin a ɗauke shi. To amma tun asuba kake tsalle tare da ɗalibanka, in sun watse kuma ka ce yanzu za ka fara naka. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki ta yanka wa baligi a mako, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Kai kafin Talata ka wuce nan. Ka fi ni sanin cewa ƙarfe yayyaga tsoka yake yi, barci da abinci ne ke ɗinke ta. In aka matsa mata fiye da kima, takan narke ta shiga jini, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta sha wahala.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da na ji kana cewa ka rame. Kai da rigarka ke neman yagewa a damtse! Tun shekarun 1990 likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka bayyana wannan larura: ƙato ya dubi madubi ya ga ƙanjamamme. Takan kai samari ga allurar ƙara girman tsoka da ake kira sitiroyid, mai lalata zuciya da hanta, ta kuma taɓa haihuwa. Ban ce kana yi ba. In kana yi, gara in ji daga bakinka.

Ka tuna Abdullahi ɗan Amru, Allah ya ƙara masa yarda, da yake azumi kullum yana kwana salla. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa jikinsa na da haƙƙi a kansa, idonsa ma haka, iyalinsa ma haka. Ibada ce fa aka ce ya sassauta, balle ƙarfe. Da tsufa ya zo masa, shi da kansa ya yi fatan da ya karɓi rangwamen.

Ga abin da nake so: ka koyar da ɗalibanka, amma naka ƙarfen ka ajiye shi mako guda. In ka ji ƙunci da saurin fushi, ko ka ji kamar ka aikata laifi, to ka je ka ga likita, ka faɗa masa yadda na faɗa maka. A duba kafaɗar, a auna jini da ƙoda. Ka kira ni ranar Juma'a bayan masallaci in ji yadda aka yi.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.