Abin dubawa kafin a zaɓi bindigar farauta mai sakata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina game da bindigogin farauta na zamani, waɗanda ake ɗana su da hannu ta hanyar jan wani ƙarfe mai kama da sakatar ƙofa, domin na lura duk inda maharba suka zauna hirarsu, maganar ba ta wuce tsada da girman harsashi. Ni mutumin Garwa ne a arewacin Kamaru, kuma na yi shekarun ƙarfina ina bin sawun namun daji a yankunan farautar da gwamnati ta keɓe a kewayen gandun dajin Binuwai da na Faro, inda baƙi daga Turai da Amurka ke zuwa da rani da takardun izininsu. Na saɓa bindigogi iri-iri a wannan aiki, na kuma goge musu ƙura da dare a sansani.

Abu na farko da nake dubawa shi ne yadda sakatar take ɗaukar harsashi daga gidansa ta kai shi bututu, domin a nan aka rabu gida biyu. Ƙirar Mauser 98, wadda Paul Mauser ya fitar a Jamus a 1898, tana da wani dogon farce na ƙarfe a gefen sakatar, wanda yake cafke gindin harsashi tun yana tasowa, ba ya kuma sakinsa sai an harba an ja baya ya wurgar da kwanson. Tsofaffin bindigogin Brno na ƙasar Cek a kan wannan tsari suke, haka ma Winchester Model 70 daga fitowarta a 1936 har zuwa 1964 da aka sauya mata ƙira. Ɗaya gidan kuwa, wanda Remington 700 ta 1962 ta fi shahara a cikinsa, sakatar tura harsashin kawai take yi a gabanta, kuma farcen ba ya kama shi sai an rufe ta ruf. Wannan ƙira ta fi sauƙin ƙerawa, saboda haka ta fi araha, kuma babu mai musun cewa tana da kyan saiti.

Bambancin ba ya bayyana a filin gwaji, inda mutum ke zaune a inuwa yana harbin takarda. Na gan shi da idona wata shekara cikin bazara, a bakin wani busasshen rafi, lokacin da wani baƙo matashi ya harbi bauna ya same ta a ƙasan kafaɗa, ta juyo tana huci tsakaninmu da ita bai fi taku talatin ba. Yaron ya tura sakata rabi, sai ruɗewa ta sa ya sake jan ta baya ya turo, harsashi na biyu ya taso ya tokari na farko, bindigar da aka saya da dukiya mai yawa ta zama sanda a hannunsa. Jagoran farautar ne ya tsayar da baunar da wata tsohuwar bindiga da fentin ƙotarta ya gama gogewa. Laifin hannun yaron ne, wannan gaskiya ce, amma ƙirar mai farce an yi ta ne daidai domin hannun da ke rawa, tunda da irinta ce a hannunsa, da harsashin farko ya biyo sakatar ya fita. Saboda haka ga mai farautar mariya da kanki da gadu, kowace daga cikin biyun ta wadatar, amma mai niyyar shiga ciyawa bayan bauna ni dai mai farce zan ba shi.

Maganar harsashi kuwa, girmansa ya kamata ya bi girman naman da ake nema. Harsashin .375 (faɗinsa ke nan a ma'aunin inci) na kamfanin Holland & Holland, wanda aka fitar a Landan a 1912, yana jefa dalma mai nauyin giram 19 da 'yan kai, kuma shi ne mafi ƙanƙantar da ƙasashen Afirka da dama suka amince da shi ga namun daji masu haɗari. Akwai kuma 9.3x62 da Otto Bock ya ƙirƙira a Balin a 1905, wanda ya yi suna a hannun manoman Turawa a Afirka saboda yana shiga bindigar Mauser ta yau da kullum, kuma dukansa a kafaɗa bai kai na .375 ba. Wannan dukan kafaɗa ba abin rainawa ba ne. Na sha ganin ƙato ya zo da bindigar da ta fi ƙarfinsa, tun kafin ya taɓa kunama ya runtse ido ya ɗage kafaɗa, ya raunata gwanki a ciki, mu kuma mu wuni muna bin jini a rana. Sannan mai saye ya tambayi kansa inda zai sami harsashin idan na hannunsa ya ƙare, domin bindigar da ba a samun abincinta a kusa ado ce kawai.

Ƙotar katako ta fi kyau a ido, sai dai takan kumbura da damina ta tsuke da hunturu, wani lokaci har ta ɗan karkatar da saiti, alhali ta roba ba ruwanta da yanayi. Ƙurar hunturu ita ma tana da nata hukunci, domin sakatar da aka cika wa mai takan yi caɓi kafin azahar, shi ya sa muke barin ta kusan a bushe.

Ga masu karatu na Nijeriya akwai batun doka, wanda ya riga duk abin da na faɗa. Dokar makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja masu faɗin milimita 7.62 da 9, da masu .300 da .303, cikin haramtattu waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, wato har da tsohuwar mak-fo da aka san 'yan sanda da ita. Harsasan .308 da .30-06, waɗanda baƙinmu suka fi zuwa da su domin matsakaitan namu, a ma'aunin milimita 7.62 suke, don haka a yi tambaya tun kafin a sa rai. Sauran bindigogin farauta lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, su adaka kuwa Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Wanda takardunsa suka cika, ya je da rigar da zai shiga daji da ita, ya rufe ido ya ɗaga bindigar zuwa kafaɗa, sannan ya buɗe ya ga ko idonsa ya faɗa kan saiti ba tare da ya miƙa wuya ba. Daga nan ya cika gidan da harsasan gwaji marasa albarushi, ya ja sakatar da ƙarfi da sauri har su fita duka, bindigar tana kafaɗarsa bai sauke ta ba, ya maimaita sau goma a gaban mai sayarwa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Wani tsohon mai bin sawu,
Garwa, Kamaru.