A fara da karatu kafin a ɗora wa yaro sauran darussa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana kan abin da 'ya'yanmu ke fitowa da shi daga makarantun boko a nan arewacin Kamaru, musamman a Garwa, inda nake sana'ar sayar da taki da magungunan feshi ga manoman auduga da masara.

A shekarar 2018 ma'aikatar da ke kula da ilimin firamare ta fitar da sabuwar manhaja wadda ta zayyana ƙwarewa guda bakwai da ake so kowane yaro ya mallaka kafin ya bar ajin ƙarshe, wato CM2. Ta farko ita ce ya iya sarrafa Faransanci da Ingilishi tare da aƙalla harshen gida guda ɗaya. Sauran sun shafi lissafi da kimiyya, tarbiyyar zama ɗan ƙasa na gari, dogaro da kai, sanin kwamfuta, motsa jiki da fasaha, da kuma ci gaba da neman ilimi har tsufa. Ban ga abin kushewa a cikinsu ba. Damuwata ita ce shida daga cikin bakwai ɗin nan duk a kan ta farkon suke tsaye, alhali ita ce ta fi rauni a wajen yaranmu.

Bara wani ɗan'uwa ya kawo mini ɗansa domin ya taya ni zaman shago. Yaron yana da takardar CEP, wato shaidar kammala firamare, ya kuma yi shekara biyu a sakandare, ga ladabi ga riƙon amana. Wata rana wani manomi ya zo yana tambayar yawan maganin da zai zuba a famfon feshi mai cin lita 15, sai na miƙa wa yaron kwalbar na ce ya duba bayanin da ke jikinta. Ya karanta kalmomin ɗaya bayan ɗaya da murya mai kyau, amma da na ce ya gaya wa manomin da Hausa ko da Fulatanci abin da aka ce, sai ya sunkuyar da kai. Lissafin ba shi ne ya gagare shi ba, domin yana ba da canji da ka ba tare da kuskure ba. Ma'anar jimlar ce ba ta isa gare shi ba. Wallahi ranar na kwana da baƙin ciki, domin maganin da aka zuba fiye da ƙima yana iya ƙona shukar da mutum ya dogara da ita shekara guda, ko ya cutar da mai feshin kansa.

Ban ɗora wa yaron laifi ba, kuma ban ɗora wa malamansa ba. Yaro ɗan shekara 6 yana shiga ajin SIL, wato ajin farko na firamare, da Hausa ko Fulatanci a bakinsa, a tarbe shi da Faransancin da bai taɓa ji a gida ba, a ce kuma ya koyi sabon harshe da haɗa baƙi a lokaci guda. Na ga ajin da yara suka haura 100 a gaban malami ɗaya, wanda sau da yawa ƙungiyar iyaye ce ke biyansa ɗan abin da ya samu. A irin wannan hali abin da ya rage wa malami shi ne ya rubuta taƙaitaccen darasi a allo, yara su kwafa, su haddace, su mayar masa ranar jarrabawa. Da hadda ana iya cin jarrabawa, amma ba a iya warware tambayar da ba a taɓa gani ba, kuma wannan ne ainihin abin da manhajar ke nufi da ƙwarewa.

Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta riga ta ambaci bunƙasa harsunan ƙasa cikin manufofinta, don haka ba sabon abu nake nema ba. Ina kira ga hukumomin ilimi na yankunan Arewa, Arewa Mai Nisa da Adamawa da su bari a koya wa yaro haɗa baƙi a ajin SIL da na CP, wato aji na biyu, da harshen da yake ji, a shigar da Faransanci da baki tun farko, sannan a ƙaura da yaron zuwa karatu da Faransancin sannu a hankali. Makarantun horar da malamai su shirya su a kan haka. Haka nan malamin kimiyya ko na tarihi ya ɗauki kansa malamin karatu, ya riƙa sa yaro ya faɗi abin da ya fahimta da kalmominsa kafin a wuce gaba.

Mu ma iyaye muna da namu alhakin, domin mu ne ke cire yara daga aji ranar kasuwa da lokacin girbi, kuma idan an kawo sakamako lamba kawai muke dubawa. A taron iyaye na gaba a makarantar unguwarmu zan nemi a ware rana ɗaya kowane zango da za a ba ɗan ajin CE1, wato aji na uku, gajeren rubutun da bai taɓa gani ba, ya karanta a gaban mahaifinsa ko mahaifiyarsa, sannan ya bayyana ma'anarsa da harshen gida.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani mahaifi daga Garwa, Kamaru