Zaman Asabar kan ajin gidan gyaran hali

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Akwai zama ranar Asabar bayan la'asar, inda muka saba.

Mun lura ɗaliban da suka zaɓi darasinsu da kansu sun fi dagewa. Mutumin da ake yanke masa lokacin tashi da cin abinci da kulle ɗaki, in ya samu abu guda da ke hannunsa, riƙewa yake gam. Wanda ya fid da rai kuwa, da wuya ya dawo aji.

Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa (NOUN) na karantar da fursunoni kyauta, amma sai da sakamakon sakandare. Don haka kowane malami ya tambayi ɗalibansa abin da suke son koyo, ya rubuto. A taho da littattafai, biro, da abin da ya sawwaƙa na rajistar jarrabawar kammala sakandare ta NECO.

Allah ya saka da alheri.