Rahoton Ayyukan Shekara: Sashen Sa wa Wayoyi Riga da Ɗinki

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi. Ga rahoton kwamitin horo kan aikin da ya fi cin lokacinmu a bana, wato sa wa wayoyin wutar kwamfuta riga da ɗinke su su kwanta a jere. Bayanin kuɗi yana wurin ma'aji, zai karanta shi a babban taro.

Zaman horon ya ci gaba a Asabar ta ƙarshen kowane wata, in ban da watan azumi. An fara da waya mai fil 8 ta furosesa da mai 6+2 ta katin hoto, sai wanda hannunsa ya faɗa aka ba shi babbar mai fil 24 da ke shiga babban allo (motherboard). Kauri 18 AWG (ma'aunin kaurin waya ne, ƙaramar lamba ta fi kauri) muka tsayar a matsayin mafi ƙaranci, 16 AWG kuma ga katin da ke jan wuta sosai. Kwamiti ya mayar da wani ƙunshin waya da aka sayo da araha, domin da aka kankare ta sai ga alminiyam fari, jan ƙarfen fenti ne kawai a sama. Irin wannan tana ɗaukar zafi, tana kuma karyewa a bakin fil. Duk mai sayen waya, a nan ko a Computer Village ta Ikeja, ya kankare ta da reza kafin ya biya.

Riga iri biyu muka yi aiki da ita: igiyar farakod 550, wadda ake zare zaruruwa bakwai na cikinta, da saƙar roba ta PET mai milimita 4. Farakod ta fi laushi amma tana shan ƙura, farar kuwa ba ta wuce hunturu ɗaya ba tare da ta koma ruwan ƙasa ba. PET goga ɗaya ta ishe ta. Ana feƙe bakin waya milimita 3, a matse fil da filayarsa, a ja riga ta miƙe sosai, sannan a narka bakinta da gindin harshen laita ta kama fil. Inda riga ta yi sako-sako, launin waya yana leƙowa ta cikin saƙa.

Ɗinkin shi ne abin da aka fi tambaya, shi ne kuma aka fi ɓatawa. Matajin roba yana raba wayoyi, amma yana zamewa, yana kuma karyewa. Ɗinki yana zama inda aka ajiye shi. Zare mai kaki irin na dukawa muke amfani da shi, da allurar da aka dakusa wa tsini a kan dutse. Allura tsakanin wayoyi take bi, ba ta huda riga; in ta huda ta taɓa robar ciki, an buɗe wa shot ƙofa ke nan. Ga mai fil 24, a yanko zare kamar santimita 80, a bi jeri na farko mai waya 12 sama da ƙasa, a dawo ta akasin hanyar, a yi wa jeri na biyu haka, sannan a haɗa jerin biyu. A ɓoye ƙulli ta baya, a ƙona bakinsa kaɗan. Layin farko ya kasance santimita 3 daga fulogi, sauran kuma duk bayan santimita 5 zuwa 6. In an ɗame zare da yawa riga tana yin ƙugu, in an sassauta layi yana gangarowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke wayoyi duka tsawo ɗaya. Tsakanin jeri biyu na fulogin akwai milimita 4.2, saboda haka in wayar za ta yi lanƙwasa ta komawa baya gaba ɗaya, jerin waje yana bukatar ƙarin kusan milimita 13, in rabin lanƙwasa ce kusan 7. In ba a ƙara ba, jerin ciki yana kumbura, ba ɗinkin da zai kwantar da shi. A lanƙwasa waya yadda za ta zauna a cikin akwati tukuna, a ɗinke ta a haka.

Kwamiti ya kafa doka biyu bayan ƙorafin da aka kawo na ma'ajin bayanai (hard disk) da suka ƙone. Ta farko: bakin da ke shiga allo iri ɗaya ne a ko'ina, amma bakin da ke shiga akwatin wuta (power supply) kowane kamfani da nasa tsarin, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya ba sa haɗuwa. Fulogi zai shiga lafiya, amma 12V ta tafi inda 5V ya kamata ta je. Don haka a cire waya ɗaya, a sa mata riga, a mayar, kafin a taɓa ta biyu. Ta biyu: ba aikin da zai fita da sunan ƙungiya sai an gwada. A haɗa fil na 16 na waya mai fil 24 da fil na "ground" don tayar da akwatin wuta, a auna da mitar auna wuta. Layin 12V ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na 5V tsakanin 4.75 da 5.25.

Wayar 12VHPWR mai fil 16, wadda katin hoto RTX 4090 na 2022 yake amfani da ita kuma take ɗaukar har wat 600, mun dakatar da koyar da ita. Filolinta ƙanana ne, kuma in fulogin bai shiga ya zauna daram ba yana narkewa. Mai ɗinka wadda kamfani ya yi ya bar aƙalla santimita 3.5 daga fulogi ba lanƙwasa ba ɗinki.

A shekara mai zuwa za a sayi filayar matsi ta biyu da abin cire fil, domin layin jira ya yi yawa, a kuma fara littafin tsarin filolin kowane akwatin wuta da ya shigo hannun mamba. Mai son shiga ajin masu fara koyo ya ba sakatare sunansa kafin taron wata mai zuwa.

Kwamitin Horo