Yaron da na janyo daga fada ya rotsa wani, yanzu ni ake zagi a unguwa

Assalamu alaikum Malam. Allah shi ƙara maku lafiya da basira. Ni mai sauraren shirinku ne daga nan Tahoua, ina da garejin gyaran babura, shekara 14 ke nan ina wannan sana'a. Kwana uku rabona da barcin kirki, in maganata ta zo a hargitse ku yi mini haƙuri.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, bayan isha'i, wani yaro da ke hannuna ya rotsa wani matashi da ƙarfen cire taya. Ƙarfen na garejina ne, ban musa ba. To shi ne baffan yaron nawa ya zo har ƙofar gidana, a gaban matata da maƙwabta, yana cewa ni na lalata masu ɗa, wai bautar da shi nake yi, wai ni na miƙa masa makami. Malam, mutumin nan ko tiya ɗaya ta hatsi bai taɓa kai wa uwar yaron ba. Yana da shago, yana da mata biyu, salla ta zo ta wuce bai san ko yaron na da riga ba. Sai yau ya tuna jininsa ne.

Bari in koma baya. Yaron shekararsa 16. Ubansa ya tafi biɗa Libiya ta hanyar Agadas tun yana ɗan shekara 9, da farko yana aiko da kuɗi, daga baya shiru. Kun san yadda Adar take, gida nawa ne namiji yana Abijan ko Libiya, mace ita kaɗai da yara. Uwar ƙosai take toyawa da safe. An kore shi daga kwaleji tun aji na farko, ya faɗa fada, wato majalisar da samarin unguwa ke zama. Ni ba na zagin fada, a cikinta na tashi, mu shayi ne da karta da hira, in damina ta kusa mu yashe magudanar ruwa. Amma tasu daban ce. Taramol ake jefawa cikin kofi, ƙanana na shaƙar sholisho, in an je ƙwallo ko wasan biki sai an dawo da jini. Da idona na ga wuƙa a ƙugunsa ranar da ya turo mini babur ɗin wani.

Ba wanda ya sa ni. Uwar na samu na ce ta ba ni shi. Wata 11 ina bi ta gidansu da asuba ina tayar da shi, mu yi salla, mu buɗe gareji. Kullum ina ba shi dala ɗari ban da abinci, na sa shi cikin adashi. Ya iya canza buji, ya iya wanke karbirato, har 'yan kabu-kabu sun fara cewa shi suke so ya duba masu. In an tashi aiki mu zauna kan benci, ba wa'azi nake masa ba, barinsa nake ya yi magana. Wata rana ya ce mini tun tafiyar ubansa ba namijin da ya taɓa tambayarsa ko ya ci abinci. Har niyya na yi in sa shi cibiyar koyon sana'a ta komin, wato ta hukumar garinmu, don ya samu takarda. Wannan ne bautarwa?

Akwai abu guda, gara in faɗa kada ku ji a bakin wani. Kwana tara kafin abin ya faru, jika biyar ta ɓata a gareji. Na mare shi, na ce ya fita. A gaban mutane ne, haka ne, raina ne ya ɓaci. Amma wane maigida ne bai taɓa marin yaron shagonsa ba? Ni da bel ɗin inji aka koya mini aiki. Kuma duk wanda ya san tarihinsa shi zai fara zargi. Bayan kwana biyu na ga kuɗin ƙarƙashin gwangwanin giris, ni na ajiye na manta. Na so in je gidansu, sai aiki ya yi yawa, ga rasuwa da aka yi mana a Illela. Ashe ya tafi da ƙarfen, ashe ya koma wurin waɗancan.

Yanzu yana hannun 'yan sanda masu kula da sha'anin yara, za a kai shi gaban alƙalin yara tunda bai cika 18 ba. Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta ce mini alƙali na iya damƙa yaro ga babban mutum amintacce maimakon gidan kaso, ta tambaye ni ko zan tsaya masa. Na ce zan yi tunani. Matata ta ce in na dawo da shi ita za ta hana ɗanmu mai shekara 12 taka gareji, kuma ban ga laifinta ba. Uwarsa kuwa ko kallona ba ta yi, baffan ya cika mata kunne.

Na manta ban ce ba, wanda aka rotsa yana da rai, an yi masa ɗinki, ni na biya kuɗin maganin. Baffan ko asibitin bai leƙa ba.

To Malam, in kai mutumin nan gaban mai unguwa ya janye maganarsa, ko in bari sai an gama da alƙali? Sunana ya ɓaci, jiya babur biyu kaɗai aka kawo mini. Kuma ranar Alhamis za a bar ni in ga yaron. Har yanzu bai san an ga kuɗin ba, ban gaya wa kowa ba, ko matata. In na gaya masa a wurin nan, zai huce ne ko zai ƙara tsanata? Don Allah ku karanta wasiƙar kafin Alhamis, amma kada ku ambaci unguwarmu.

Naku mai saurare,
wani mai gareji, Tahoua